Daga Karnukan Tashkent zuwa Ɓerayen Bordeaux: Yadda Aka Gano Cewa Jaraba Koyo Ce

A cikin laccocin Ivan Pavlov da aka buga da Turanci a 1927 akwai wani ɗan labari da bai yi suna ba kamar na karnukan nan masu dalalar da miyau da sun ji motsin abinci. Wani likita mai suna Krylov, a birnin Tashkent, ya riƙa yi wa karnuka allurar mofin kullum. Mofin kan sa kare tashin zuciya da dalala da amai, daga nan sai barci. Ba a yi mako guda ba sai ya zamana tun ana buɗe akwatin sirinji, kafin allura ta taɓa fata, kare ya soma dalala yana yunƙurin amai. Wasu ma ganin mai allurar kawai ya ishe su. Magani bai shiga jini ba, amma jiki ya riga ya amsa.

A lokacin an ɗauki abin a matsayin ƙarin misali ne kawai na yadda dabba ke alaƙanta alama da abin da ke biyo bayanta. Sai da aka shafe shekaru fiye da 70 kafin a iya nuna inda irin wannan darasi yake kwana a cikin ƙwaƙwalwa, har a auna shi. A tsawon wannan tafiya bayanin jaraba ya sauya sau uku. Da farko an ce tsoron azabar yankewa ne. Daga baya aka ce daɗi ne. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa koyo ne, da kayan aikin nan da dabba ke koyon hanyar ruwa da wurin abinci.

Zamanin da ake cewa dabba ba ta jaraba

Tun a 1894 masanin jijiyoyi ɗan ƙasar Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, ya faɗa a wata lacca a Landan cewa mai yiwuwa koyo ba ya ƙara yawan ƙwayoyin jijiya, sai dai ya ƙarfafa haɗin da ke tsakaninsu. A 1898 Edward Thorndike a Amurka ya kulle kyanwoyi cikin akwatuna masu sakata, ya ajiye abinci a waje, ya ga cewa duk motsin da ya kai kyanwa ga abinci shi take maimaitawa, sauran su bi ruwa. A 1949 kuma Donald Hebb na Jami'ar McGill a Kanada ya haɗa zancen biyu: idan ƙwayar jijiya ta saba tayar da maƙwabciyarta, mahaɗar da ke tsakaninsu ƙara ƙarfi take yi. Kamar turba ce a cikin gona, yawan bi ne ke fitar da ita, rashin bi kuma ya bar wa ciyawa. Sai dai a wancan lokacin duk hasashe ne, babu wanda ya taɓa ganin hakan da ido ko da na'ura.

Masu nazarin shaye-shaye kuwa hankalinsu na wani wuri dabam. Abin da suka fi sani shi ne mofin da hiroyin, da irin wahalar da mai sha ke shiga idan ya rasa: gumi, zawo, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. Wani masanin zamantakewa, Alfred Lindesmith, ya tsaya kai da fata cewa jaraba sai ɗan Adam, domin sai mai hankali da harshe ne zai gane cewa rashin ƙwaya ke wahalar da shi har ya tashi nema.

Birai ne suka fara ƙaryata shi. A 1940 S. D. S. Spragg ya buga sakamakon aikinsa da birai jinsin cimfanzi a wata cibiyar Jami'ar Yale da ke jihar Florida. Ya saba musu da allurar mofin, sannan ya koya musu buɗe akwatuna biyu, ɗaya da abinci, ɗaya da sirinji. In an yi musu allura sun natsu, akwatin abinci suke nufa. In lokacin allura ya wuce jiki ya fara tsami, sai su bar abincin su buɗe na sirinji. Har kama rigar Spragg suke yi suna jan sa zuwa ɗakin da aka saba yi musu allura.

A asibitin masu shaye-shaye na gwamnatin Amurka da ke Lexington a jihar Kentucky, likita Abraham Wikler ya lura da wani abu da ya fi wannan ɗaure kai. Mutum zai yi watanni ba ya sha, jikinsa ya warware sarai, amma ranar da ya koma unguwarsu ya ga lungun da ya saba saye, sai hamma da gumi da tashin zuciya su taso masa. Tun daga 1948 Wikler yake cewa abin da ya faru da karnukan Pavlov ne ke faruwa da waɗannan mutane. Ba a saurare shi sosai ba.

Wayar da ta kauce hanya

A ƙarshen 1953, a sashen da Hebb ke shugabanta a McGill, James Olds da Peter Milner sun dasa wata siririyar waya cikin ƙwaƙwalwar ɓera da nufin taɓa sashen da ke kula da farkawa. Wayar ta kauce ta sauka wani wuri. Suka saki ɓeran cikin babban akwati, duk lokacin da ya shiga wata kusurwa sai su sakar masa ɗan lantarki kaɗan. Maimakon ya guje ta, sai ya yi ta komawa. Da suka ba ɓeraye madanni su riƙa sakar wa kansu lantarkin, sai ga su suna dannawa sau ɗaruruwa, wasu har dubbai, a cikin awa guda. An buga wannan a 1954, Olds kuma ya kira wuraren cibiyoyin jin daɗi.

A 1962 James Weeks na kamfanin magunguna na Upjohn a jihar Michigan ya ƙirƙiro hanyar saka wa ɓera siririn bututu a jijiyar jini ba tare da an ɗaure shi ba, ta yadda in ya danna madanni mofin zai shiga jikinsa. A 1969 Deneau da Yanagita da Seevers na Jami'ar Michigan suka yi irin wannan da birai. Biran suka riƙa ɗirka wa kansu mofin da kodin da amfetamin da barasa da hodar iblis, wasu har farfaɗiya, wasu har lahira. Hodar iblis ba ta da azabar yankewa irin ta mofin, amma ga biri yana kashe kansa a kanta. Bayanin farko ya kasa ɗaukar wannan.

Sinadarin da zai ɗauka ya riga ya bayyana a Suwidin. A 1957 da 1958 Arvid Carlsson ya nuna cewa dofamin sinadari ne da ƙwayoyin jijiya ke aika saƙo da shi, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2000. Sannu a hankali aka gano cewa wayar Olds tana tayar da wata hanya ce da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa, daga wani gungun ƙwayoyi masu fitar da dofamin, ta nufi wani ɗan curi a gaba da ake kira akumbens. Roy Wise a Montreal ya nuna cewa in aka toshe dofamin, ɓera kan daina wahala a kan abinci ko ƙwaya. A 1988 Di Chiara da Imperato a Cagliari ta Italiya suka auna abin kai tsaye a ƙwaƙwalwar ɓeraye masu yawo: mofin, barasa, nikotin, amfetamin, hodar iblis, kowanne da ƙofar da yake shiga, amma dukansu suna ɗaga dofamin a wannan curi. Labarin ya zo da sauƙin faɗa, jaridu suka ɗauka: dofamin shi ne daɗi, ƙwaya kuma tana kwararo shi, duk wanda ya ɗanɗana ya kamu.

Abubuwan da suka ƙi shiga lissafi

Tun kafin labarin ya gama kafuwa aka fara ganin ɓaraka. A 1971 gwamnatin Amurka ta tsorata da yawan sojojinta da ke shan hiroyin a Biyetnam, ta sa Lee Robins ta bi sawun waɗanda suka dawo gida. Kusan kashi 20 cikin 100 sun kamu a can. A cikin waɗanda suka kamu ɗin, kimanin kashi 5 cikin 100 ne kacal suka sake kamuwa a shekarar farko da dawowa. Ƙwayar ba ta sauya ba, wurin da abokan da halin rayuwar ne suka sauya.

A ƙarshen shekarun 1970 Bruce Alexander na Jami'ar Simon Fraser a Kanada ya yi tambayar da ta kamata a yi tun da wuri: ɓeran da ke kulle shi kaɗai a ƙaramin keji, ba aboki ba abin yi, in ya rungumi mofin, me hakan ya nuna? Ya gina wa ɓeraye wani fili mai faɗi, maza da mata, da wurin wasa da wurin ɓuya. Na cikin filin suka sha ruwan mofin kaɗan ƙwarai in aka gwada da na keji. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba duka suka sami sakamako ɗaya da nasa ba, amma tambayar ta zauna.

Shepard Siegel na Jami'ar McMaster shi ya dawo da Pavlov cikin zancen da hujja mai sanyaya jiki. A 1982 shi da abokan aikinsa suka saba wa ɓeraye da hiroyin a wani ɗaki na musamman, sannan a rana ta ƙarshe suka yi musu allura mai yawa. A cikin waɗanda aka yi wa a ɗakin da suka saba, kashi 32 cikin 100 suka mutu. Waɗanda aka sauya wa ɗaki, kashi 64. Waɗanda ba su taɓa samun hiroyin ba, kashi 96. Ashe juriyar da jiki ke yi wa ƙwaya ba ta tsaya ga hanta da jini ba. Ƙwaƙwalwa tana ganin ɗakin, ta gane abin da ke tafe, ta fara shirya jiki tun kafin allura.

So daban, jin daɗi daban

Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya kalli fuskar ɓera da kyau. In ka ɗiga masa ruwan sukari a baki, yakan fito da harshe yana lasar leɓe kamar jariri. In ka ɗiga mai ɗaci, ya wangale baki yana girgiza kai. Ya ɗauki ɓerayen da aka lalata wa kusan dukkan dofamin, waɗanda ko an kewaye su da abinci ba za su taɓa ba har yunwa ta kashe su, ya ɗiga musu sukari. Suka lashi baki kamar kowa. Daɗin yana nan, abin da ya ɓace shi ne tashi a nema. A 1993 shi da Terry Robinson suka kawo bayanin cewa maimaita ƙwaya yana ƙara wa hanyar dofamin saurin tashi, sai nema ya yi ta ƙaruwa alhali daɗin yana tsaye ko ma yana raguwa. Masu shaye-shaye sun daɗe suna faɗin haka da bakinsu, cewa ba sa jin komai yanzu amma sun kasa bari.

A Fribourg ta Suwizalan kuwa, Wolfram Schultz ya shafe shekaru yana sauraren ƙwayoyin dofamin ɗaya-ɗaya a ƙwaƙwalwar birai. In ɗigon ruwan 'ya'yan itace ya faɗo a bakin biri ba zato, ƙwayar sai ta zabura. In aka saba kunna fitila kafin ɗigon, sai zaburar ta koma kan fitila, ɗigon kuma ya zo ta yi shiru. In aka kunna fitila aka hana ɗigon, a daidai lokacin da ya kamata ya sauko sai aikin ƙwayar ya faɗi ƙasa da yadda ta saba. A 1997 Schultz da Peter Dayan da Read Montague suka fassara abin: dofamin yana auna tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu. Saƙo ne ga sauran ƙwaƙwalwa cewa wannan ya fi zato, a riƙe duk abin da ya gabace shi.

Daga nan matsalar ƙwaya ta fito fili. Abinci, in dabba ta saba da shi, yakan daina ba da mamaki, darasi ya ƙare. Hodar iblis kuwa tana ɗaga dofamin ne da ƙarfin sinadari, ko an zata ko ba a zata ba. David Redish ya yi lissafi a 2004 cewa in haka ne, kowane sha zai zo wa ƙwaƙwalwa tamkar ya fi zato, darajar ƙwayar da ta duk abin da ke tare da ita ta yi ta hawa.

An ga tabon a mahaɗa

Hasashen Hebb ya sami shaida a Oslo. Terje Lømo ya fara gani a 1966, sannan shi da Tim Bliss suka buga a 1973: in aka tayar da wata hanyar jijiya a ƙwaƙwalwar zomo da sauri na 'yan daƙiƙoƙi, mahaɗarta kan zauna da ƙarin ƙarfi na awoyi. Shekaru da dama masu nazarin tunani ne ke amfani da wannan, masu nazarin ƙwaya na gefe guda.

A 1997 Robinson da Bryan Kolb suka duba ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka saba wa amfetamin, fiye da wata guda bayan allurar ƙarshe. Rassan ƙwayoyin jijiya a curin akumbens da gaban ƙwaƙwalwa sun ƙara tsiro da 'yan ƙayoyin nan da mahaɗa ke zama a kai. A 2001 Mark Ungless da Antonello Bonci da Robert Malenka da abokiyar aikinsu Jennifer Whistler, a Kalifoniya, suka nuna cewa allurar hodar iblis guda ɗaya tak tana ƙarfafa mahaɗun da ke kan ƙwayoyin dofamin. Bayan kwana 5 ƙarfin yana nan, zuwa kwana 10 ya baje. A 2003 aka ga mofin da nikotin da barasa suna yin haka, kuma tsananin firgici ma yana yi. A 2008 ɗakin binciken Bonci ya ƙara gano wani bambanci: ɓeran da ya koyi danna madanni don abinci ko sukari shi ma mahaɗunsa na ƙarfafa, amma na ɗan lokaci ne. Wanda ya danna don hodar iblis da kansa, ƙarfin yana nan bayan wata 3 da dainawa. Wanda aka zuba wa hodar ta bututu ba tare da ya danna komai ba bai nuna wannan ɗorewa ba. Wato sinadari kaɗai bai isa ba, sai da aikin da dabba ta yi don samun sa.

Sakamakon da ya fi tayar da hankali ya fito a 2001 daga Baltimore. Jeffrey Grimm da Yavin Shaham da abokansu suka bar ɓeraye suna ɗirka wa kansu hodar iblis kwana 10, kowane sha da fitila da ƙara, sannan suka raba su da ita. Aka riƙa dawo da su akwatin a ranaku dabam-dabam, ba hoda, sai fitila da ƙara kawai. Wanda aka dawo da shi bayan kwana 1 ya danna kaɗan. Na bayan wata guda ya fi shi nesa ba kusa ba, na bayan kwana 60 kuma bai sauko ba. Kwaɗayin da alama ke tayarwa girma yake yi a lokacin kulle. A 2008 Marina Wolf a kusa da Chicago ta nuna cewa a cikin waɗannan makonni wasu sababbin masu karɓar saƙo ne ke taruwa a mahaɗun akumbens. A 2011 aka ga irin wannan hawa a mutanen da suka bar sigari.

Ba kowa ba, kuma ba har abada ba

Da a nan labarin ya tsaya, da babu abin da ya rage sai yanke ƙauna. Amma a shekarun nan ne kuma aka sake duba su wa ke kamuwa. A 2002 Michael Nader na Jami'ar Wake Forest ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar biran da suka daɗe a kaɗaice, sannan ya haɗa su huɗu-huɗu. Bayan wata 3, waɗanda suka zama shugabanni masu karɓar dofamin nau'in D2 sun ƙaru musu da kimanin kashi 20 cikin 100, kuma hodar iblis ba ta ja su sosai ba. Na ƙasa, masu shan duka da kora, su suka rungume ta. Matsayi a cikin jama'a ya sauya ƙwaƙwalwa a cikin watanni.

A Bordeaux ta Faransa, a 2004, Véronique Deroche-Gamonet da David Belin da Pier Vincenzo Piazza suka bar ɓeraye da hodar iblis kimanin wata 3, suka gwada su da ma'auni irin na likitocin mutane: wa ke ci gaba da dannawa ko an nuna masa babu, wa ke jure wahala mai yawa don sha ɗaya, wa ke dannawa ko da lantarki na dukan tafin ƙafarsa. Kusan kashi 17 cikin 100 ne suka cika dukan ukun. A 2010 suka gano cewa a farkon sha dukan ɓerayen kan rasa ikon sassauta mahaɗun akumbens, amma akasarinsu ikon na dawo musu. Waɗanda suka kamu su ne waɗanda bai dawo wa ba. A garin Bordeaux ɗin dai, a 2007, Serge Ahmed ya ba ɓeraye zaɓi tsakanin hodar iblis da ruwa mai zaƙi, kashi 94 cikin 100 suka zaɓi zaƙi. A 2018 Marco Venniro a Baltimore ya sauya zaƙin da ƙofar da ke buɗewa zuwa wurin wani ɓera, kusan dukansu suka bar ƙwaya suka zaɓi ɗan'uwa, har da waɗanda suka yi nisa. In aka jinkirta buɗe ƙofar kuwa, sai su koma wa ƙwaya.

An kuma gwada warware ƙullin. A 2008 Marcello Solinas a Poitiers ya nuna cewa wata guda a babban keji mai kayan wasa yana goge wasu alamun jaraba a ƙananan ɓeraye. A 2012 ɗakin binciken Christian Lüscher a Janeba ya yi amfani da haske, ta wata dabara da ke sa zaɓaɓɓun ƙwayoyin jijiya su amsa masa, ya mayar da mahaɗun da hodar iblis ta ƙarfafa yadda suke, halin da ta haifar kuma ya gushe. A 2013 Bonci ya tayar da gaban ƙwaƙwalwar ɓerayen da ke jure dukan lantarki don hoda, suka rage nema. Wannan ya kai ga gwajin na'urar maganaɗisu a kan mutane a Padua ta Italiya, aikin da har yanzu ake tantancewa.

Ɓera ba mutum ba ne. Ba shi da bashi, ba shi da kunya, ba ya neman aiki. Duk da haka darussan sun shafe mu. Rahoton 2018 na binciken da aka yi a Najeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki da irin su tiramadol da kodin, dangin mofin ɗin da aka yi wa karnukan Krylov da biran Spragg. Abin da iyalai da yawa suka sani shi ne a kai yaro gidan mari ko a kulle shi a ɗaki har jikinsa ya wanke. Jiki kan wanke a cikin kwanaki, amma gwajin Grimm ya nuna kulle kaɗai ba ya goge darasin, yana iya ma ƙara masa kaifi, ga shi kuma juriyar jiki ta ragu, abin da ya sa makonnin farko bayan fitowa daga kurkuku suka fi kowane lokaci haɗarin mutuwa da ƙwaya. Abin da ya yi aiki a dabbobi shi ne samun wani abu mai daraja a kusa, a hannu, ba alkawarin gobe ba. Tun 1991 Stephen Higgins a jihar Vermont ya gwada haka a kan mutane, yana ba masu shan hodar iblis ɗan tukuici nan take duk ranar da gwajin fitsari ya fito da tsabta, kuma har yau wannan hanya tana cikin mafi inganci da ake da su ga masu irin wannan jaraba. Wanda aka sako daga kulle ya koma majalisar da ya saba, ba sana'a, ba magani, ba mai jan sa a jiki, an mayar da shi ne ajin da ya koyi darasin tun farko.